Ƙashin ƙugun Mama ya zaizaye: a sake aikin ko a ƙyale ta?

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu shekarunta 67. Shekara 17 ke nan da aka yi mata aikin sauya gaɓar ƙugu ta hagu, ta ji daɗin aikin har muka manta an taɓa yi. An ce mu riƙa kai ta ana dubawa, muka je sau uku, da muka ga lafiya lau sai muka daina. Tun bara ta fara kukan ciwo a matsematsinta duk lokacin da ta yunƙura za ta tashi. Yanzu ƙafar ta gajarce, tana ɗingishi, ko banɗaki sai an riƙe ta. Da aka ɗauki hoto likita ya ce kofin da aka saka mata ya kwance ya haura sama, ƙashin da ke riƙe da shi kuma ya cinye sosai. Ya ce sai an sake aiki, a dasa mata ƙashin wani mutum, a kafa kejin ƙarfe. Muka je wurin wani likitan, shi kuma ya ce wani ƙarfe mai kama da soso za a cike ramin da shi, in bai yiwu ba a ƙero mata nata na musamman. Yayanmu ya ce tunda likitoci biyu sun kasa yin magana ɗaya, a ƙyale tsohuwa ta huta, kada garin neman gira a rasa ido. Mama ta ce duk abin da muka yanke shi ke nan. Ni kuwa ba na iya barci, gani nake ni na jawo, don ni ce mai kai ta asibiti, kuma ni na fara cewa ba sai mun koma ba. Don Allah a ba ni shawara.

'Yar autar Mama

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya ba Mama lafiya.

Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, tunda shi ya hana ki barci. Daina zuwa asibiti ba shi ya cinye ƙashin Mama ba. A mafi yawan masu wannan matsala, abin da ke cin ƙashin yana cikin gaɓar tun ranar da aka saka ta.

Gaɓar ƙugu dunƙulen kan ƙashin cinya ne yake juyawa a cikin wani gurbi mai zurfi a jikin kwatangwalo. Idan za a sauya ta, ana yanke dunƙulen a sa na ƙarfe ko na tangaran, a kankare gurbin a zaunar da kofi, cikin kofin kuma roba ce mai tauri. Haɗa ƙarfe da irin wannan roba John Charnley ne ya daidaita shi a 1962 a asibitin Wrightington da ke Ingila, kuma har gobe aikin yana cikin waɗanda suka fi yi wa mutane rana. Sai dai duk takun da Mama ta yi a shekara 17 ɗin nan, dunƙulen ya gogi robar. Gogar tana fitar da ɓurɓushin da ido ba ya gani. Sojojin jiki su ɗauka baƙo ne ya shigo, su haɗiye shi, su kasa narkarwa, sai su yi ta kururuwa. Kururuwar nan kuwa ita ke tayar da ƙwayoyin halittar da aikinsu rushe ƙashi. Haka ƙashin bayan kofin zai yi ta zaizayewa shekara da shekaru, yadda gara ke cin azara ta ciki, waje sumul. Ba zafi, ba kumburi. Sai ranar da kofin ya rasa abin kamawa ya fara girgiɗi, sannan ciwo ya fito, kuma irin wanda kika kwatanta ne sak: a matsematsi, daidai lokacin miƙewa. Gajarcewar ƙafar ma daga nan take, kofin ne ya nutsa sama, ƙashin cinya ya bi shi.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Da ana ɗaukar hoto a kai a kai, mai yiwuwa an ga ramin tun yana ƙarami, aikin ya zo da sauƙi. Amma mutumin da ke tafiyarsa garau, kaɗan ne ke ci gaba da bin layin asibiti har shekara 17, kuma gidanku ba ke kaɗai ba ce mai ƙafa. Da-na-sani ƙeya ce. Ƙarfin da kike kashewa a kanta, Mama za ta bukace shi nan gaba kaɗan.

Sai Yaya. Rabin maganarsa gaskiya ce, kada ki yi masa kallon wanda bai damu ba. Wannan aiki ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba: ya fi daɗewa, ya fi zubar da jini, jinyarsa ta fi tsawo, kuma akwai mutanen da bai kamata a yi musu shi ba. Inda ya kuskure shi ne kalmar "ta huta". Kofin da ya kwance ba ya tsayawa inda aka gan shi a hoto. Kowane taku yana ƙara nuƙe ƙashin da ya rage. Wani lokaci yana haurawa sama da waje, wani lokaci yana kutsawa can ciki, wajen da manyan jijiyoyin jini da mafitsara suke. Ƙashin da likita zai kafa aikinsa a kai shi ne jarin Mama, kuma jarin yana raguwa ne a lokacin da ake zaman shawara. Ba gaggawa ce ta kwana biyu ba, kuna da makonnin da za ku yi tambaya ku shirya. Amma a ce a bar maganar zuwa baɗi, wannan zaɓi ne mai farashi, gara a san an zaɓe shi. Kuma shekara 67 ba ita ce ma'auni ba. Zuciya da huhu da ƙoda da yawan jini da sukari su ne ma'auni, likitan da ke sa barci a ɗakin tiyata shi zai duba su ya faɗa muku.

Batun cewa likitocin sun saɓa kuwa, ki sake karanta abin da kika rubuto. Dukansu sun ce kofi ya kwance, dukansu sun ce ƙashi ya cinye, dukansu sun ce a sake aiki. A kan kayan cike ramin suka rabu. Ki ɗauka ƙyauren ɗaki ne ya faɗo saboda katakon da aka ɗaure shi a jiki ya ruɓe. Sabon ƙyaure ba matsala ba ne, ana samu. Matsalar ina sukuru zai kama. Wani kafinta zai ce a cike wurin da sabon katako, wani ya ce a ɗora faifan ƙarfe ya tsallake ruɓaɓɓen wurin ya kama inda itacen ke da rai. Babu wawa a cikinsu.

Likitocin ƙashi suna da ma'aunin da suke auna wannan ɓarna da shi, wanda Wayne Paprosky, likita a Amurka, ya fitar a 1994. Mataki uku ne. A na 1 gurbin yana nan da siffarsa, sabon kofi kawai za a sa. A na 2 ya ɗan karkace, amma ginshiƙansa na gaba da na baya suna tsaye. A na 3 ne magana ta yi nisa: kofin ya tashi fiye da santimita 3 daga mazauninsa, bakin gurbin ya daina ɗaukar nauyi. Shi ma kashi biyu ne. A 3A kofin ya yi sama da waje, kuma sabon kofi zai samu ƙashi mai rai a kusan kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na bayansa. A 3B ya yi sama da ciki, abin da ya rage bai kai kashi 40 ba. Dalilin wannan lissafi shi ne kofi na yau da kullum, wanda ake tura shi a matse a jira ƙashi ya tsiro ya kama shi, yana son aƙalla rabin bayansa ya kwanta a kan ƙashi mai rai. Ƙasa da haka sai an yi masa dabara. Akwai kuma tambaya guda da ta fi duk waɗannan nauyi: shin ɓarnar ta ratsa gurbin har ta raba kwatangwalon gida biyu, saman yana motsi daban, ƙasan daban? Idan haka ne, aikin ya tashi daga cike rami ya koma haɗa ƙashi biyu da suka rabu. Don haka idan kun koma, ki ce likita ya ɗaga hoton a gabanki, ya nuna miki ƙugun dama mai lafiya, ya nuna miki na hagu, ya sa yatsa inda kofin ya kamata ya zauna da inda yake yanzu. Ki tambaye shi mataki na nawa ne, kuma ƙashin ya rabu ko bai rabu ba. Ki yi wa ɗaya likitan tambayar nan ita ma. Hoton ƙashi na gaba kaɗai kan ɓoye girman ramin, saboda ƙarfe yana tare shi, shi ya sa ake ƙarawa da hotunan da ake ɗauka a karkace da kuma na siti sikan, wato hoton na'urar da ke nuna ƙashi yanki-yanki.

Yanzu kayan aikin. Dashen ƙashin da likita na farko ya ambata iri biyu ne, kuma ya kamata ki san wanne yake nufi. Akwai wanda ake farfasa ƙashin ƙanana ƙanana, a toshe ɓarakar da ragar ƙarfe, a zuba, a daddaɓe shi da guduma har ya yi tauri kamar daɓen ƙasa, sannan a manna kofi da simintin ƙashi. Tom Slooff da abokan aikinsa a Nijmegen ta ƙasar Holan suka yi fice da wannan tun ƙarshen shekarun 1970. Kyawunsa shi ne sannu a hankali jijiyoyin jini suna ratsa ɓurɓushin, jiki ya mayar da shi ƙashinsa. Wato ana mayar wa mutum da abin da ya rasa, kuma wannan babban abu ne ga mai ƙuruciya da ake tsammanin za a sake buɗe shi wata rana. Amma ya fi kyau a ramin da ke da bango ta kowane gefe. Idan rufin gurbin gaba ɗaya ya tafi, daɓen kan zame. Iri na biyu shi ne a sassaƙa guntun ƙashi guda babba a ɗaure shi da sukuru ya zama rufi. Yana ɗaukar nauyi tun ranar farko, sai dai cikinsa ba ya rayuwa gaba ɗaya, kuma bayan wasu shekaru yana iya narkewa ko ya rufta, musamman idan shi ke ɗauke da mafi yawan kofin.

Na san kalmar "ƙashin wani" tana tayar da tsikar jiki. Da yawa daga cikinsa kan ƙashin cinya ne da aka yanke wa masu rai a lokacin nasu aikin ƙugun, da yardarsu, wani kuma daga waɗanda suka ba da izini a ɗauka bayan rasuwarsu. Ana gwada masu bayarwa don cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, a adana ƙashin a sanyin da ya kai kusan digiri 80 ƙasa da sifili. Ba kamar dashen ƙoda ba ne, ba a shan maganin danne garkuwar jiki saboda shi. Idan duk da haka zuciyar Mama ba ta kwanta ba, ta faɗa, hakkinta ne, kuma akwai wasu hanyoyin.

Kejin kuwa gada ce. Likitoci biyu 'yan Suwizalan, Burch da Schneider, suka fitar da sanannen samfurinsa a tsakiyar shekarun 1970. Reshe ɗaya yana kama faffaɗan ƙashin sama, wanda kike dafawa idan kin riƙe ƙugu, ɗaya reshen yana shiga ƙashin zama, nauyin jiki ya tsallake ramin, dashen da ke ƙarƙashi ya samu sararin kamawa. Rauninsa sananne ne: ƙashi ba ya tsirowa ya shiga jikinsa, sukuru ne kawai ke riƙe da shi har abada, kuma ƙarfen da ake lanƙwasawa kaɗan kaɗan sau miliyoyi wata rana yakan gaji ya karye.

Wannan raunin ne ya haifi ƙarfe mai soso da likita na biyu ya faɗa. Ya shigo aiki a ƙarshen shekarun 1990, da ƙarfen tantalam, daga baya aka riƙa yin irinsa da titaniyam. Idan aka ba ki shi a hannu za ki ji yana da kaushi yana kama fatar yatsa, idan kika duba da kyau duk ƙananan ramuka ne masu ratsa juna, kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tantalam ɗin fanko ne. Kaushin yana hana shi zamewa a ranar farko, ramukan kuma ƙashi yana tsirowa ya shige su, har ƙarfen da ƙashin su zama abu ɗaya. Ana yin kofin da shi, ana kuma yin gutsattsari masu siffar jinjirin wata, girma daban daban. Likita ya zaɓi wanda ya dace da giɓin, ya ɗaure shi a ƙashi da sukuru, ya zaunar da kofin a ƙarƙashinsa, ya haɗa su biyun da ɗan siminti. Ba ya narkewa kamar guntun dashe. Amma shi ma ba ya mayar da ƙashin da ya tafi, ƙarfe ne ya cike gurbinsa. Idan kwatangwalon ya rabu biyu, sau da yawa ana haɗa dabarun ne: kofi mai soso a ciki, keji a kansa yana tsare shi har ƙashi ya kama. Kin ga ashe maganar likitocin naku tana iya haɗuwa a ƙugu ɗaya.

Na musamman ɗin shi ne makamin da ake ajiyewa don mafi munin ɓarna. Ana ɗaukar siti sikan, kwamfuta ta zana kwatangwalon Mama da raminsa, a ƙera kofi guda mai fukafukai uku, ɗaya ya kwanta a ƙashin sama, ɗaya a ƙashin zama, ɗaya a ƙashin mara, har inda kowane sukuru zai bi an riga an tsara. Yana da tsada, ƙera shi yana cin makonni, saka shi yana bukatar a buɗe wuri mai faɗi, kuma idan aka buɗe aka tarar ƙashin ba yadda hoto ya nuna ba, ba a iya sassaƙe shi a kan tebur.

Idan ra'ayina kike so: ga mace mai shekarun Mama da ramin da ba shi da rufi, yawancin masu wannan aiki a yau sun fi karkata ga ƙarfe mai soso fiye da keji shi kaɗai, ni ma can na karkata. Amma ban sa wannan a gaba ba. Hannun da zai yi aikin ya fi ƙarfen muhimmanci. Likitan da ya iya sauya ƙugu karo na farko ba lallai ne ya saba da wannan ba, aiki ne daban. Ki tambayi kowannensu, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, irin wannan mai babban rami guda nawa yake yi a shekara. Sannan ki yi masa tambayar da ni na fi yarda da ita: "Likita, idan ka buɗe ka tarar ya fi yadda hoto ya nuna lalacewa, me za ka yi, kuma kayan suna ɗakin tiyata a ranar?" Girman ramin na gaskiya sai an cire tsohon kofin an share ruɓaɓɓen naman da ke bayansa ake ganinsa. Wanda ya saba zai lissafo miki dabara ta biyu da ta uku ba tare da ya tsaya tunani ba, don ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ji haushin tambayar, shi ma ya ba ki amsa. Ki tambayi jinin da za a tanada, da ɗakin kulawa ta musamman bayan aiki, kuma idan kofin ya kutsa ciki, ko za a yi hoton jijiyoyin jini a sanar da likitan jijiyoyin ya zauna cikin shiri.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarki ba, kuma shi ya kamata ya riga komai: an tabbatar babu ƙwayoyin cuta a gaɓar? Suna iya zama a jikin ƙarfe shekaru, ba zazzaɓi ba ruwa, su kwance kofi su ci ƙashi daidai yadda ɓurɓushin roba ke yi. Ana fara da gwajin jini biyu masu nuna kumburin ciki, ESR da CRP, in akwai shakka a sa allura a zuƙo ruwan gaɓar a kai ɗakin gwaji. Kada Mama ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanta kafin nan, yana ɓata sakamakon, shi ya sa ake so a yi aƙalla mako biyu ba a sha ba. Idan an same su, shirin duka ya sauya. Yawanci sai a cire ƙarafan, a wanke, a sa gaɓar wucin gadi ta siminti mai magani, a yi makonni ana jinya, sannan a dawo a yi ginin. Duk likitan da ya sa ranar aiki bai yi wannan bincike ba, ki ja birki.

Ki kuma shiga da ido buɗe. Gocewar gaɓa ta fi yawa bayan aiki na biyu, saboda naman da ke riƙe da ita ya sha yanka ya yi rauni. Don rage wannan ake yawan amfani da kofi mai juyi biyu, wato dunƙulen yana juyawa a cikin roba, robar ma tana juyawa a cikin kofin, dabarar da Gilles Bousquet ya fito da ita a Faransa a shekarun 1970, ki tambaya ko za a sa mata. Babbar jijiyar da ke motsa ƙafa tana bi ta bayan gurbin, dab da inda ake aiki, kuma idan aka ja ƙafar da ta daɗe a gajarce don a mayar da tsawonta, jijiyar tana iya jin jiki, mutum ya kasa ɗaga tafin ƙafa yana jan yatsu a ƙasa. Wannan ya sa wani lokaci likita da gangan ba ya mayar da tsawon duka, sai a ƙara wa takalmi tudu. Ga daskarewar jini a jijiya, ga shigar ƙwayoyin cuta. Ɗan ɗingishi ma zai iya ci gaba har bayan aikin. Abin da ake nema wa Mama shi ne ƙugun da zai ɗauke ta ba ciwo, ta je banɗaki da kanta, ta fita tsakar gida ko da sanda. Wanda ya yi muku alkawarin za ta koma kamar shekarar farko ya faɗi abin da ba ya hannunsa.

Jinyar kuwa a kanku take, kuma nan ne ake ɓata aiki mai kyau. Ƙashi yana bukatar makonni kafin ya kama ƙarfen, saboda haka sau da yawa ana hana ɗora cikakken nauyi na mako 6 zuwa 12. Ki hango ƙarfe uku na dare: Mama ta farka tana jin fitsari, ba ta son ta tashe ki don ta ga kin gaji, ta lallaɓa ta sauko da ƙafar, abin dogarawarta yana can jikin bango inda aka jingine shi da za a yi shara, ta ce ai taku huɗu ne. Takun huɗun nan ne abin tsoro. A ajiye abin dogarawa inda hannunta zai kai, a bar fitila, a kwashe duk shimfiɗar da ke zamewa, wani ya kwana kusa da ita, kuma a yi karɓa-karɓa, kada ya zama ke kaɗai. Gado da kujera da mazaunin banɗaki su zama masu tudu. Ba tsuguno, ba zaman ƙasa, ba harɗe ƙafa, sai likita ya ba da izini. Masu gashin ƙashi za su koya mata motsin da ya dace, a bi nasu, kada a bar kowa ya ja ƙafar ko ya murɗa ta da sunan taimako. Tun kafin aikin ma akwai abin yi: a daidaita sukari in tana da shi, a gyara ƙarancin jini, a duba haƙori mai ruɓa ko gyambo a fata, kuma ta rage taka ƙafar tun yanzu.

In gwaji ya nuna jikinta ba zai ɗauka ba, to a nan maganar Yaya ta zama daidai, sai dai ba ƙyalewa za a yi ba. Abin dogarawa, maganin ciwo da ba zai taɓa ƙoda ba, da hoto lokaci lokaci. Akwai kuma aikin ƙarshe mai sunan Girdlestone, likitan Oxford, inda ake cire ƙarafan a bar wurin ba gaɓa. Ciwo kan ragu, amma ƙafar tana gajarcewa sosai, tafiya sai da dogarawa. Ko wanne aka zaɓa, ranar da ta kasa taka ƙafar kwatsam, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafar ta kumbura ko ta yi sanyi ko ta mutu, asibiti a ranar.

Saura Mama. "Duk abin da kuka yanke" ba amincewa ba ce, uwa ce ta ga 'ya'yanta na ja-in-ja a kanta ta janye. Ki samu lokacin da ba kowa, ki zauna kusa da ita, kada ki tambaye ta ko tana son aiki. Ki tambaye ta me ta fi kewa a cikin abubuwan da ta daina yi, kuma me ya fi ba ta tsoro, ɗakin tiyata ko a ci gaba da riƙe ta zuwa banɗaki. Ki yi shiru ki bar ta ta gama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai tsofaffin da za su ce sun gwammace keken guragu da a sake yanka su, kuma idan sun fahimci abin da ke gaba, a girmama musu. Akwai kuma waɗanda riƙon nan zuwa banɗaki ya fi musu ciwon zafi, kunya ce ta hana su faɗa. Yaya kuma kada ki yi ta kai masa rahoto yana musu. Ki roƙe shi ya raka ku ganin likita na gaba, ya ga hoton da idonsa, ya yi tambayar gira da ido da bakinsa.

Kafin ranar, ki bincika akwatin takardun Mama, ko ki koma asibitin da aka yi aikin farko ki nemi bayanin tiyatar. Abin da ake so shi ne sunan kamfani da samfuri da girman ƙarafan da aka saka, yawanci 'yan takardu ne masu lamba da ake ɓallowa daga kwalin a manna a fayil. Idan turken ƙarfen da ke cikin ƙashin cinya yana nan daram, likita zai so ya bar shi ya taɓa kofin kaɗai, wanda zai rage wa Mama tsawon aiki da zubar jini, amma sai ya san samfurin kafin ya tanadi sabon dunƙulen da zai hau kansa daidai. Ki haɗa da duk tsofaffin hotunan, har na zuwa ukun nan da kuka yi, ki jera su bisa shekara ki tafi da su.